Shekarar da Tallafi Ya Zo Laburarenmu

Ruwan sama ne ya fara shigar da ni laburaren unguwarmu. Na dawo daga kasuwa da yadin wata mata da zan yi wa ɗinkin biki, hadari ya haɗo ta wajen duwatsu, kafin in kai layinmu a Tudun Wada ƙanƙara ta fara zuba. Na rungume yadin a ƙirji na faɗa ƙofar da na gani a buɗe. Shekaruna talatin da ɗaya a lokacin, ina da 'ya'ya uku da keken ɗinki ɗaya, karatuna kuma a aji shida na firamare ya tsaya. Tun ina yarinya nake wuce ginin nan, amma ban taɓa ɗauka an yi shi don irina ba.

Matar da ke kula da wurin ta taso daga teburinta, ta karɓi yadin ta shanya a bayan kujera. Dattijuwa ce 'yar Anguwan Rukuba, gajeriya, da tabarau mai igiya a wuya, kowa Mama yake ce mata. Hausarta irin ta garinmu ce, ba ta raba "ka" da "ki". Ta ce da ni, "'Yata, ka zauna, wannan ruwa ba zai tsaya yanzu ba." Da ta ga ina ta kallon ƙofa, sai ta je ta zaro wani ƙaramin littafin Hausa mai jan bango ta ajiye a gabana, ta koma aikinta. Kafin ruwan ya ɗauke na karanta shafi tara, ina bi da yatsa. A ranar ta rubuta mini kati, na tafi gida da littafin a cikin yadin mutane.

Tsohon gini ne na dutse, tun zamanin kuza, lokacin da kakana ya zo garin nan yana ɗaukar kwanon ƙasa a ka a wurin haƙa. Babban ɗaki ɗaya ne da ƙaramin ofis, sai wani tsohon gareji a baya. Abin da ke fara ɗaukar ido shi ne kantocin littattafai. Na madaci ne, dogaye har kusa da silin, sun yi duhu saboda tsufa da hannun mutane. Akwai littattafan Turanci na 'yan makaranta, akwai na Hausa kanta biyu cur, akwai na wasu harsunan Filato da aka buga da daɗewa waɗanda yanzu ko an nema ba a samu, ga kuma tsofaffin jaridu da aka ɗinke shekara-shekara da baƙin bango. Mama ta san mazaunin kowanne. Wanda ya yage takan gyara shi da gam, wanda gindinsa ya saki ta ba ni in ɗinke a gida da allurar hannu.

A nan na zama mai karatu, a nan kuma na fara rubuta gajerun labarai a bayan littafin da nake rubuta awon kwastomomi. Bayan wasu shekaru Mama ta ce tunda na iya, in koya wa wasu. Muka buɗe ajin mata, Talata da Alhamis bayan la'asar. Masu kayan miya suka zo, da masu tuyar masa, da wata mai wankau, da mata biyu da suka zo da littafin waƙoƙin coci suna so su iya karanta shi da kansu maimakon su bi bakin na kusa da su. A garin Jos da ya ga abin da ya gani na rikici, inda aka raba unguwanni har da kasuwanni, a benci ɗaya suke zama suna aron fensir.

Rufi ne matsalarmu. Kwanon ya tsufa ya huje, kuma daminar Jos doguwa ce. Da zarar hadari ya taso sai mu tashi, kowa ya san aikinsa: wannan ta jawo bokiti, waccan ta rufe kantar jaridu da leda. Banɗaki ya shekara biyu a kulle saboda bututu ya fashe, mace mai ciki sai ta katse karatu ta nemi gidan maƙwabta. Sabon littafi kuwa, Mama ta ce ta manta rabon da ta buga wa wani hatimi.

Wata Talata Mama ta tare ni tun daga bakin ƙofa da takarda a hannu, tabarau a karan hanci. Ta ce gwamnati ta ware tallafi don gyara laburare-laburaren jama'a da ayyukansu, kowane wuri ya rubuta abin da yake buƙata, kuma an ce za a fi sauraron waɗanda suke da wani shiri na manya ko na mata. "Kin ga mu ke nan," na ce. Ta ce, "Mu ke nan, in an yi gaskiya."

Sati uku muka yi muna cika fom ɗin nan. Na rufe shagona da rana sau da yawa, har wata ta janye ɗinkinta ta kai wani wuri. Mama ta rubuta Turancin, ni na zagaya na ji ta bakin mata da ɗaliban da ke zuwa karatun jarrabawa. Na sa yayana, wanda ke sayar da katako a kasuwar Katako, ya turo kafinta ya hau ya duba rufin ya faɗa mana gaskiyar abin da yake so. Abin da muka nema ba shi da yawa, kuma a jere muka sa shi. Na farko rufi. Na biyu banɗaki. Sannan sababbin littattafai, na Hausa da na yara da na jarrabawa, da benci da allo don ajin mata. A can ƙarshe Mama ta ƙara kwamfuta biyu, ta ce matasa suna tambaya. Muka haɗa da hotunan ajinmu da sunayen mata, kowacce ta rubuta nata da hannunta. Mai wankau ta yi minti biyar tana rubuta sunanta, da ta gama ta ɗaga takardar tana nuna wa kowa.

Da sanyi ya shigo amsa ta zo: an amince. Mama ta karanta wasiƙar a aji, ta fassara, wata ta rangaɗa guɗa a cikin laburare, ranar Mama ba ta ce a yi shiru ba. Na koma gida na faɗa wa maigidana, ya ce Allah Ya sa alheri, amma in sassauta murna har in ga kwano a sama. Na ji haushinsa a ranar.

Kuɗin ba hannun Mama ya zo ba, ofishin da ke sama da ita ya je. Bayan wata guda oga na ofishin ya zo da mota, tare da wani ɗan kwangila mai ƙamshin turare da wayoyi biyu. Ina nan ranar don na kawo littattafan da na ɗinke. Mama ta tarbe su, ta fara nuna musu silin inda ruwa ya yi taswira. Oga bai ɗaga kai ba. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya juya, ya ce, "Duk waɗannan kantocin za su fita."

Mama ta ce, "Yallaɓai, su fita su je ina?"

"Mama, duniya ta ci gaba. Yanzu laburare na kwamfuta ake yi. Duk abin da ke cikin tsummokaran nan yana cikin intanet. Za mu sa tayil, mu sa tebura, mu jera kwamfutoci. Abin da masu ba da tallafi suke son gani ke nan."

Ban san lokacin da na sa baki ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, rufi muka fara nema. Yana cikin takardar, shi ne na farko."

Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya tambayi Mama ko ni ma'aikaciya ce. Ta ce a'a, ni ce malamar ajin mata, kuma da ni aka rubuta takardar. Ya yi murmushi ya ce, "Madalla, Hajiya. Za mu neme ki ranar buɗewa." Ɗan kwangila ya ce rufin ba wani abu ba ne, za a liƙe inda ke yoyo.

Aka rufe laburare, aka ce wata biyu. Leburori suka kwashe littattafai a baro kamar masu kwasar yashi suka jibge a garejin baya. Ni da Mama da mata huɗu muka yi yini biyu muna bin su muna tsincewa, muna sawa a kwali, muna ɗorawa a kan bulo don kada su taɓa ƙasa. Garejin nan rufinsa ya fi na ɗakin lalacewa, ana ganin sama ta cikinsa. Mama ta roƙi a ba ta tamfol, aka ce gobe. Rana ta uku ɗan kwangila ya sa nasa kwaɗon a ƙofar, wai akwai simintinsa a ciki. Ita da ta yi shekara da shekaru tana riƙe da makullin wurin, sai ga ta a tsaye a waje tana leƙe ta taga.

Wata biyu ya wuce, na uku ya wuce. Wata safiya ina cikin yanka wata atamfa yayana ya kira ni. Ba ya kirana da safe sai da dalili. Ya ce, "Ƙanwata, in kina da hali ki zo Katako yanzu, akwai abin da nake so ki gani da idonki."

Na hau keke mai ƙafa uku na haya na je. Ya ja ni muka ratsa layin injinan yanka, ƙura da ƙarar zarto, har rumfar wani maƙwabcinsa. A jingine da bango na gan su, an ɓaɓɓalle su, an jera allunan bisa tsayi. Ko daga nesa na gane launin. Da na matsa sai na ga 'yan takardun da Mama ke liƙawa a bakin kowace kanta suna nan, da rubutun hannunta. Wani an rubuta Tarihi, wani Noma da Kiwo. Na ɗaga wani allo na ga Hausa, Labarai. Kantar da ta ciro mini littafina na farko ke nan.

Mai rumfar ya ce shi bai san komai ba, an kawo masa ne a mota an ce tarkacen gini ne. Ya shafa allon ya ce irin wannan madacin yanzu ba a samunsa ko'ina, har wani ya riga ya sa a yi masa ƙofa da gadon amarya da rabi. Tarkace! Abin da ya shekara sama da shekarun ubana a tsaye, gara ba ta iya da shi ba. Na tsaya a tsakiyar maza, ban iya kuka ba saboda haushi. Yayana ya yi magana da mutumin a gefe, ya dawo ya miƙo mini allon nan mai rubutun Hausa, ya ce, "Riƙe wannan. Sauran sun fi ƙarfina."

Ban koma shago ba. Na sa allon a keke, rabinsa a waje, na ce wa mai keken ya kai ni ofishin oga. Sakatariya ta ce yana taro. Na ce zan jira. Na zauna a benci da allo a cinya daga hantsi har aka yi azahar, duk wanda ya wuce sai ya kalle ni. Da ya buɗe ƙofa zai fita cin abinci na miƙe na bi shi ciki, na ɗora allon a kan teburinsa, a kan fayil-fayil ɗinsa.

Na ce, "Yallaɓai, wannan a Katako na samo shi. Wa ya sayar?"

Ya ce in ɗauke masa katako daga tebur.

"Zan ɗauke. Amma ka faɗa mini wa ya sayar, kuma yaushe za a buɗe gareji. Damina ta kusa, littattafan suna ƙarƙashin rufin da ya huje."

Ya zauna, ya cire hularsa ya ajiye. Ya ce duk kayan da aka cire daga gini na ɗan kwangila ne ya san yadda zai yi da su, haka ƙa'ida take. Ya ce zai yi magana a kan gareji. Daga nan ya sauke murya ya ce, "Hajiya, ke wace ce a wannan aikin? Kina da takardar ɗaukar aiki? Ke tela ce, na ji. Idan na zo shagonki na ce ga yadda za ki sa hannun riga, za ki ji daɗi?"

Na ce, "Idan rigarka ce, dole in saurare ka. Laburaren nan namu ne. Da sunayenmu aka samo kuɗin."

Ya danna ƙararrawa, masinja ya zo ya ɗauki allon ya raka ni har bakin titi.

Ruwan farko ya sauka bayan kwana tara. Ina shago na ji ƙamshin ƙasa, na bar keken ɗinki na fita da gudu ba ko lema. Na tarar da Mama ta riga ni, tana tsaye a tagar gareji zaninta sharkaf. Muka leƙa tare. Ruwa na zuba a kan kwalayen kamar an buɗe famfo, na saman ya riga ya lotsa. Na ɗauki dutse zan fasa kwaɗon, ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Kar ka yi, 'yata. In ka fasa, za su ce mu muka sace siminti." Ta kira ɗan kwangila sau shida a gabana, bai ɗauka ba. Har yau ina tambayar kaina me ya sa na saurare ta na yar da dutsen. Da na fasa, me za su yi mini da ya fi abin da suka yi?

A tsakiyar damina aka sa ranar buɗewa. An yi fenti fari da kore, an sa tayil mai sheƙi, an kafa ƙaton allon sanarwa a bakin titi. An sa sabon silin na roba, fari tas, a ƙarƙashin tsohon kwanon da ba a canza ko falle ɗaya ba. Banɗaki an yi wa ƙofarsa fenti, tana nan a kulle. A cikin ɗakin kwamfutoci ne a jere, layi biyu, da ledarsu. A jikin bango akwai 'yar kantar ƙarfe guda ɗaya da sababbin littattafai masu kauri na Turanci, duk iri ɗaya, na wani fanni da ba wanda ke karantawa a unguwarmu.

An aiko mini tun kwana biyu kafin ranar cewa in zo da matan ajinmu cikin anko, kuma ni zan yi jawabin godiya. An ma buga mini jawabin a takarda. Na so in ƙi, amma matan sun yi ɗokin abin, wata shida ba su zauna a aji ba, sun ɗauka komawa za a yi. Na ɗinka musu ankon da hannuna.

Kafin manyan baƙi su iso, wani mai kyamara ya shigar da matan ya zaunar da su a gaban kwamfutocin. Ya ce kowacce ta ɗora hannu a kan madannai ta yi murmushi. Janareton haya ne ke aiki a waje, kwamfuta huɗu kawai aka kunna, sauran baƙi ƙirin. Na ga mai wankau ta ɗora yatsunta a hankali kamar za su ƙone, tana kallona in gaya mata ko daidai ta yi. Matar da ta sha wuya ta iya rubuta sunanta, aka mai da ita kayan ado. Kuma ni na kawo ta.

Aka yi addu'a ta Musulunci da ta Kirista, aka yi jawabai a ƙarƙashin rumfa. Oga ya ce an fitar da unguwarmu daga duhu. Aka kira ni, na karɓi lasifika, na karanta layin farko na takardar da aka ba ni. A layi na biyu an rubuta cewa yanzu mata suna koyon karatu ta kwamfuta. Na naɗe takardar.

Na ce, "Jama'a, ku gafarce ni, ba zan iya karanta wannan ba. Mu rufi muka roƙa, ba a yi ba. Littattafanmu suna bayan ginin nan a gareji, ruwa yana dukansu wata uku ke nan. Kantocinmu an sayar a Katako. Ina roƙon babban baƙo, taku ashirin ne daga nan, ya zo ya leƙa taga ya gani."

Iyakar abin da na samu na faɗa ke nan. Lasifikar ta mutu a hannuna, mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, mai kiɗa ya saki waƙa da ƙarfi. Babban baƙon, wanda aka turo a madadin wani da aka turo a madadin wani, ya karkata kai oga ya raɗa masa magana a kunne, suka yi dariya kaɗan. Aka yanke ƙyalle, aka raba lemo da fanke. Ba wanda ya zagaya baya. Cikin matanmu wasu sun riƙe mini hannu, wata kuma ta ce na kunyata su a gaban mutane, ba ta sake yi mini magana ba sai bayan shekara.

Ni ba abin da aka iya yi mini, don ba a hannunsu nake ci ba. Mama aka kama. Cikin satin aka ba ta takardar tuhuma, wai ta bar bare yana shiga harkar ofis. Aka ɗauke ta daga laburare aka mai da ita hedikwata, aka ba ta tebur a lungu ba aikin komai, a nan ta ƙarasa watannin da suka rage mata ta yi ritaya. Da na je ba ta haƙuri ta ce ba komai, gaskiya na faɗa. Amma na ga yadda ta rame, kuma na san bakina ne ya jawo mata. Wannan ma yana cikin abin da ba zan yafe musu ba, da suka sa na zama sanadin wulaƙancinta.

Sai da ɗan kwangila ya kwashe sauran kayansa sannan aka cire kwaɗon gareji. Sabon ma'aikacin da aka kawo, mutumin kirki ne amma ba ruwansa, ya ce in ina so in ɗiba, dama an ce a ƙone. Na je da mata uku. Warin da ya tarbe mu sai da muka toshe hanci da mayafi. Jaridun nan masu baƙin bango sun manne sun zama kamar bulo, in ka ɗaga sai su ɓare a hannunka. Littattafan harsunan Filato fumfuna ta cinye su, ɗaya daga cikin matan cocin ta tsinci na yarensu, ta buɗe, shafukan suka zube a ƙafarta. Ta tsuguna tana tattarawa tana cewa da wannan babanta ya koyi karatu. Abin da muka iya ceta keke biyu ne kawai, daga ɗakin da a da sai an hau tsani a ɗauko na sama. Muka shanya su a tsakar gidana kwana da kwanaki, ina bin su da dutsen guga shafi-shafi.

Kwamfutocin kuma ba su yi wata biyu ba. Janareto ya koma wurin mai shi washegarin buki, wuta kuwa sai ta ga dama. Intanet ɗin wata ɗaya aka biya. Wani ruwa da aka yi da iska ya taru a kan sabon silin har ya yi ciki, ya ɓalle ya zubo a kan layin gaba. Aka zo da mota aka kwashe sauran, wai za a adana su a ofis har a gyara. Ban sake jin labarinsu ba. Yanzu ɗalibai kan je da littattafansu na gida su zauna a kan teburan, a ɓangaren da ba ya yoyo.

Ajin mata ya dawo shagona. Ina ture kekunan ɗinki gefe in shimfiɗa tabarma, mutum bakwai ne ke shiga da ƙyar. Matan cocin sun zo sau biyu suka daina. Ba wanda ya ce musu komai, amma layinmu ba kamar laburare ba ne, wurin da ba na kowa ba kuma na kowa. Shiga shagon wata a cikin unguwar da ba taka ba, da yamma, abu ne da mutumin Jos yake tunani sau biyu kafin ya yi. Na gane, ban riƙe su ba.

Bara wata matashiya ta zo shagona da jaka da katin aiki a wuya. Ta gaishe ni da ladabi, ta ce daga ofis take, an buɗe zagaye na biyu na tallafin, ana so waɗanda suka amfana da na farko su sa hannu a takardar shaida. Ta ciro rahoton da aka buga mai sheƙi. A bangon gaba matan ajina ne cikin ankon da na ɗinka, hannu a kan madannai, suna murmushi.

Na ce ta zauna. Na yagi takarda daga littafin awo na rubuta shafi biyu, duk abin da ya faru, na sa hannu na ba ta. Ta karanta har ƙarshe. Ta ce, "Anti, wallahi na yarda da ke, amma in na kai wannan aikina zai tafi. Bara aka ɗauke ni." Na ce to ta bar mini takardata, ta tafi da tata ba sa hannuna.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci na je Anguwan Rukuba na faɗa wa Mama. Tana zaune a ƙofar ɗakinta tana gyaran acca. Na ɗauka za ta ce na yi daidai. Sai ta ce, "Da ka sa hannu, 'yata. Wataƙila wannan karon su yi rufin."

Na ce, "Mama, in sa hannu a kan ƙarya, su sake ci da sunanmu?"

Ta ce, "Za su ci ko ka sa ko ba ka sa ba. Amma in kuɗi bai zo ba, ko falle ɗaya ba za a sa ba. Yaran nan suna zama a wurin har yanzu."

Muka yi ta ja, ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Ta bar ni na gama, ta zuba mini acca a leda ta ce in kai wa yara. Na hau keke ina huci, ina jin haushinta, ina jin haushin kaina da na ji haushinta.

Ban sa hannun ba. Daga baya matashiyar nan ta haɗu da ni a kasuwa, ta ja ni gefe ta ce kada in damu, an samu wata ta sa hannu a matsayin malamar ajin mata. Na tambaye ta wace ce. Ta ce ita ma ba ta taɓa ganinta ba.